Shin Arziki Da Lafiya Ne Ma'aunin Ƙaunar Allah? Fashin Baƙi Kan Darajar Mutum A Koyarwar Kirista

Idan har Allah yana ƙaunar kowa, me ya sa wani ke miƙewa a majami'a ranar Lahadi yana ba da shaidar sabuwar mota, alhali wata ta shekara da shekaru tana azumi da addu'a ba ta ga ko ɓatan wata ba? Shi ya fi ta daraja a gaban Allah ke nan? Tambayar ba sabuwa ba ce, amma gutsattsarin wa'azi da ke yawo a Facebook da TikTok sun sake hura wutarta. A ciki za ka ji ana cewa talauci la'ana ce, cutar da ta ƙi jin magani alamar ɓoyayyen zunubi ce, kuma wanda ya "shuka iri" mai tsoka, wato ya ba da kuɗi masu yawa a majami'a, shi zai girbi tagomashi. Masu bi da dama sun ɗauka wannan ita ce koyarwar Littafi Mai Tsarki, maƙwabtansu Musulmi da ke kallon bidiyoyin ma haka suka ɗauka. Tsohuwar koyarwar da ikkilisiyoyin Katolika da Angilika da ECWA da COCIN da EYN da HEKAN suka yi tarayya a kai ta sha bamban da haka, kuma bambancin yana taɓa rayuwar talaka kai tsaye.

Me ake nufi da "siffar Allah"?

Tushen maganar yana babin farko na littafin Farawa, aya 26 da 27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa da kamanninsa, namiji da mace. Wannan furuci yakan tayar da hankalin wanda bai saba da shi ba, domin sai ya ji kamar ana cewa Allah yana da hanci da kunne irin namu. Ba haka malaman Kirista ke fassara shi ba, tunda Yohanna 4:24 ta ce Allah Ruhu ne. Fassarori uku ne suka fi shahara. Wasu sun ce siffar ita ce hankali da lamiri da ikon zaɓi. Wasu sun ce ita ce iya zumunci da Allah da sauran mutane. Wasu kuma sun ce wakilci ne, wato an ɗora wa ɗan Adam amanar kula da ƙasa da abin da ke cikinta.

Kowace aka ɗauka, akwai abu biyu da ba a jayayya a kansu. Na farko, an ba da siffar tun kafin mutum ya yi wani aiki, mai kyau ko maras kyau, kuma ba a ware sarki daga talaka ba. A tsoffin daulolin Masar da Mesofotamiya sarki ne aka fi kira surar allahntaka, sai Farawa ta shimfiɗa wannan matsayi kan kowane ɗan Adam. Na biyu, zunubi ya gurɓata siffar amma bai share ta ba. Hujjar ita ce Farawa 9:6 ta haramta zubar da jinin mutum saboda wannan siffa, bayan labarin faɗuwar Adamu da kisan Habila da ruwan tufana. Yakubu 3:9 ma ta tsawata wa mai yabon Allah da harshen da yake zagin mutane da shi, bisa wannan dalili. Musulmi mai karatu zai tuna aya ta 70 a Suratul Isra'i kan karrama 'yan Adam. Addinan biyu sun saɓa a abubuwa da yawa, amma a kan cewa daraja kyauta ce daga Mahalicci suna kusa da juna.

Ƙaunar da ta riga aikin mutum

Ginshiƙi na biyu shi ne abin da masu bi ke kira alheri, wato tagomashin da ba cancanta ce ta jawo shi ba. Romawa 5:8 ta ce Almasihu ya mutu domin mutane tun suna masu zunubi, 1 Yohanna 4:10 ta ce ba mu muka fara ƙaunar Allah ba, shi ya fara, Afisawa 2:8-9 kuma ta ce ceto baiwa ce domin kada kowa ya yi fahariya. Jerin abubuwan shi ne muhimmi: ƙauna ce a gaba, gyaran hali ya biyo baya a matsayin amsa.

An yi dogon rikici kan wannan jeri. A farkon ƙarni na biyar wani malami mai suna Pelagius ya koyar da cewa mutum yana da ƙarfin cika umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na Hippo (garin Annaba na Aljeriya a yau), ya ƙalubalance shi, majalisar bishop-bishop da ta zauna a Carthage a 418 kuma ta yi watsi da koyarwar Pelagius. Bayan shekaru fiye da dubu, Martin Luther ya tayar da batun a Jamus a 1517, lokacin da ake sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi. A muhawarar Heidelberg ta 1518 ya yi nuni da cewa ƙaunar mutum tana neman abin da ya riga ya yi kyau ne ta manne masa, ita kuwa ƙaunar Allah ita ke ƙirƙiro kyawun a cikin wanda take ƙauna. Katolika da Lutheran sun daɗe suna la'antar juna a kan wannan fage, sai a 1999 a Augsburg suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum. Ikkilisiyar LCCN, wato ta Lutheran a Najeriya, mai hedikwata a Numan tana cikin ƙungiyar Lutheran ta duniya da ta sa hannun, Akbishop ɗinta Musa Panti Filibus ma ya shugabanci ƙungiyar daga 2017 zuwa 2023.

Yesu ya yi bayanin darajar mutum a gaban Allah da lissafin kasuwa. A Matiyu 10:29 ana sayar da gwarare biyu a kan ƙaramin tsaba ɗaya, a Luka 12:6 kuma biyar a kan tsaba biyu. Wanda ya san ciniki ya gane cewa na biyar ɗin gyara ce, ba a biya kuɗinta ba. Ko ita, in ji shi, Allah bai manta da ita ba, balle mutum.

Daraja iri huɗu da ake cakuɗawa

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya. A watan Afrilun 2024 fadar Vatican ta fitar da wata takarda mai suna Dignitas Infinita wadda ta rarrabe daraja gida huɗu, rabon kuma yana da amfani ko ga wanda ba Katolika ba.

Akwai darajar asali, wadda mutum ke da ita don kawai Allah ya so shi, ya halicce shi. Ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, jariri da tsoho mai ruɗewa da ɗan fursuna duk daidai suke a cikinta. Akwai darajar hali, wadda mutum kan zubar da hannunsa idan ya zaɓi mugunta. Ita muke nufi idan muka ce wane ya zubar da mutuncinsa. Akwai darajar yanayin zama, kamar iyalin da ke kwana a sansanin gudun hijira ba banɗaki ba ruwan sha. Idan aka ce suna rayuwar ƙasƙanci, yanayin ake zargi, ba su ba. Sai ta huɗu, yadda mutum ke jin kansa a zuciya: mai ciwon damuwa, ko matar da ake duka kullum, na iya jin ba ta da wani amfani alhali darajarta ta asali tana nan daram.

Uku na ƙarshe suna hawa suna sauka. Kuskuren da ake yi shi ne a kalli ɗaya daga cikinsu a yanke hukunci kan ta farko. Mai cewa talaka ba shi da tagomashi ya auna darajar asali da mudun yanayin zama. Jama'ar da ta tara taya da fetur a kan wanda ake zargi da sata ta auna ta da mudun hali, tun ma kafin a tabbatar da laifin.

Daga ina bisharar wadata ta fito?

Koyarwar da ke ɗaura ƙaunar Allah da kuɗi da lafiya tana da tarihi sananne. Ta yi ƙarfi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Oral Roberts ne ya yayata batun shuka iri, wato ka ba da kuɗi da sa ran Allah zai ninka maka. Kenneth Hagin, wanda ya kafa makarantarsa a yankin Tulsa ta jihar Oklahoma, ya yaɗa koyarwar cewa abin da ka furta da bangaskiya shi za ka samu. A Najeriya, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya yi karatu a Dallas a farkon shekarun 1970 ya rasu a 1998, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya buɗe mata ƙofa.

Amma ba wa'azi kaɗai ya yaɗa ta ba, yunwa ta taimaka. Bayan faɗuwar farashin mai da shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu (SAP) na 1986, naira ta karye, masana'antu sun rufe, asibitin gwamnati ya koma wurin rubuta magani a saya a waje. Mutumin da hukuma ta juya wa baya, idan ya ji an ce Allah bai nufe shi da wahala ba, dole ya tsaya ya saurara. Ya kamata a yi adalci a nan: majami'un Fentikos da yawa, inda aka fi jin wannan wa'azi, sun raba maza da giya da caca, sun koya wa mata tanadi da sana'a, sun cire wa matasa tunanin cewa ɗan talaka talaka ne har abada. Kuma ba kowane ɗan Fentikos ne ke wa'azin shuka iri ba, kamar yadda ba kowace tsohuwar ikkilisiya ce ta tsira daga gare shi ba. Ranar baikon godiya a wasu majami'un ECWA ko Angilika, yadda ake kiran sunayen masu manyan alkawura a lasifika bai da maraba da abin da ake sukar wasu a kai.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu wa'azin wadata ba da ka suke magana ba, suna da ayoyinsu. Maimaitawar Shari'a 28 ta jera albarkun biyayya da la'anonin rashin biyayya. Malakai 3:10 ta ce a kawo zakka a ga ko ba za a buɗe tagogin sama ba. 3 Yohanna aya 2 ta yi fatan lafiya da wadata. Markus 10:29-30 ta yi alkawarin ninki ɗari.

Masu suka suna amsawa aya bayan aya. Maimaitawar Shari'a 28 alkawari ne da al'ummar Isra'ila gaba ɗaya game da ƙasarsu, ba ma'aunin da za a riƙa auna kowane mutum da shi ba. Ayar 3 Yohanna gaisuwar buɗe wasiƙa ce zuwa ga wani mai suna Gayus. Alkawarin ninki ɗari a Markus yana da ƙarashen da ba a cika karantawa ba: tare da tsanantawa.

Sai kuma wuraren da Littafin ya fuskanci tambayar gaba da gaba. Abokan Ayuba uku sun dage cewa masifarsa sakamakon laifi ce, a babi na 42 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. A Yohanna 9 almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. A Luka 13 ya kawo labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Bulus ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jiki har sau uku ba a cire ba, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma shawarci Timoti kan ciwon cikinsa. Iyayen Yesu kansu, da suka je Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya tanada wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Ayyukan Manzanni 8 ta nuna Bitrus bai sassauta masa ba ko kaɗan.

Malaman tauhidi na Afirka da ƙungiyar Lausanne ta masu bishara ta duniya ta tara a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 sun tsaya a tsakiya mai ma'ana. Sun yarda Allah yana warkarwa, sun yarda talauci ba abin yabo ba ne, amma sun ƙi yarda a auna ruhaniyar mutum da dukiyarsa, ko a ce ana iya tilasta wa Allah da kyauta ko da furuci. A ganinmu nauyin hujja yana wajensu. Babbar illar koyarwar wadata ita ce ba ta da hanyar faɗuwa: idan ka samu, fasto ya yi gaskiya, idan ka rasa, bangaskiyarka ce ta gaza. Asarar kullum a kan mai baiko take.

Inda har yanzu ba a daidaita ba

Ba a komai Kiristoci suka zama baki ɗaya ba. Mabiya malamin tauhidi Calvin, tun taronsu na Dort a Holan daga 1618 zuwa 1619, suna rarrabe alherin da Allah ke yi wa kowa, kamar rana da ruwan sama na Matiyu 5:45, da ƙaunar ceto da ya keɓe wa zaɓaɓɓu. Mabiya Arminius da Wesley da Katolika suna cewa Almasihu ya mutu domin kowa, mutum ne ke iya ƙi. Kan hukuncin kisa ma an rabu: Fafaroma Francis ya sauya Katikizim, littafin koyarwar Katolika, a 2018 ya ce ba a yarda da shi ba saboda darajar mutum, yayin da wasu masu bishara ke kafa hujja da Farawa 9:6 cewa tsadar ran da aka kashe ce ta wajabta shi. Duk ɓangarorin daga siffar Allah suka tashi.

Tarihi ma bai wanke ikkilisiya ba. Tun ƙarni na huɗu Gregory, bishop na Nyssa, ya yi wa'azi kan bauta yana tambayar da wane farashi za a sayi siffar Allah, amma Kiristoci sun ci gaba da cinikin bayi ɗaruruwan shekaru, wasu kuma a Afirka ta Kudu suka nemo wa wariyar launin fata ayoyi, har sai da ƙungiyar ikkilisiyoyin Reformed ta duniya ta ayyana hakan a matsayin karkatacciyar koyarwa a 1982.

Yadda abin ke sauka a kan talaka

A arewacin Najeriya da Nijar an taɓa ganin koyarwar darajar mutum a aikace. Mishan ta 'Yan'uwa ta buɗe mazaunin kutare a Garkida, mishan ta SIM kuma ta karɓi kula da na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato a shekarun 1930. Asibitin ido na Kano ya fara a 1943, asibitin Galmi a Nijar a 1950, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. An soki waɗannan wurare da cewa an haɗa jinya da neman tuba, sukar kuma tana da tushe. Duk da haka, sun taɓa jikin mutanen da danginsu ke miƙa wa abinci daga nesa. Yau kuturta tana warkewa da haɗin magunguna na wata shida ko goma sha biyu, kyauta ake bayarwa, amma ƙyamar ta fi cutar daɗewa.

Ga inda abubuwa ke lalacewa a yanzu. Mai ɗauke da ƙwayar HIV da aka ce masa ya warke ya jefar da magani don nuna bangaskiya: ƙwayar za ta sake yawa a jininsa, kuma tana iya daina jin maganin da yake sha a da. Haka mai hawan jini da mai ciwon suga da mai farfaɗiya. Fasto mai hankali yakan yi addu'a ya ce a koma asibiti a yi gwaji, likita ne zai ce a daina magani. Yesu kansa ya tura kutaren da ya warkar wurin firist, wanda shi ke da alhakin tabbatar da warkewa a lokacin.

Matar da ba ta haihu ba ita ake kai wa addu'ar kuɓuta daga wannan majami'a zuwa waccan, mijin yana gida, alhali likitoci sun tabbatar matsalar kan fito daga namiji kamar yadda take fitowa daga mace, gwajin namijin ma ya fi sauƙi da araha. Yaro mai sikila ko farfaɗiya ko taurin kai a ce masa maye. Abin ya yi muni a Akwa Ibom har jihar ta haramta shi a dokar kare yara ta 2008. Matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram da goyo, ciki har da 'yan ikkilisiyar EYN wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 suka fito daga cikinta, wasunsu sun tarar da ƙyama a gida, ana kiran 'ya'yansu da sunan laifin ubanninsu. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta fara aiki a Najeriya a 2019, amma majami'u nawa ne ke da gangaren keken guragu ko mai fassara wa kurame? Yakubu 2:1-4 ta riga ta yi maganar mai zoben zinariya da ake ba kujerar gaba da matalaucin da ake ce wa ya tsaya can.

Akwai kuskure na ɗaya gefen kuma. Wasu kan juya "Allah yana ƙaunarka yadda kake" ta zama lasisi, ko su rufe bakin wanda aka zalunta da ita: a ce wa matar da miji ya fasa wa ido ta yi haƙuri ta gafarta, a ce wa iyayen yarinyar da aka yi wa fyaɗe kada su kai maganar waje don sunan ikkilisiya. Darajar mai laifi tana hana a wulaƙanta shi ko a kashe shi a titi, ba ta hana a kai shi gaban hukuma ba. Romawa 13 ta ba hukuma wannan aiki. Wadda aka zalunta ita ma siffar Allah ce.

Horon ikkilisiya: yadda aka tsara da yadda ake yi

A nan ne ake gane ko ikkilisiya ta fahimci bambancin darajar hali da ta asali. Matiyu 18:15-17 ta ba da matakai: a fara zuwa wurin mai laifi shi kaɗai, in ya ƙi ji, a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan a sanar da ikkilisiya. Kowane mataki an yi shi ne don a tsaya a nan idan ya yi aiki, kuma Galatiyawa 6:1 ta ce a yi shi da tawali'u da nufin maido da mutum.

A aikace sau da yawa daga mataki na uku ake farawa. Budurwa ta yi ciki, a karanta sunanta ranar Lahadi, a hana ta jibin Ubangiji, a mayar da ita bencin baya, saurayin kuwa ya koma wani gari ko ma yana cikin mawaƙan majami'a, domin ciki ne ke nunawa. Ɗan kasuwar da ke danne albashin yaransa ba a taɓa sa shi ƙarƙashin horo, musamman idan shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Sakamakon sananne ne: 'yan mata na zubar da ciki a ɓoye a hannun waɗanda ba su san aikin ba don gudun tonon silili, wasu su bar ikkilisiya gaba ɗaya.

Dattawan da ke son gyara suna da abubuwan dubawa kafin su yanke horo. An bi matakin sirri tukuna? An binciki ko tilas aka yi mata, ko ba ta kai shekaru ba, wanda hakan ya mai da lamarin na 'yan sanda da asibiti? Hukuncin ya hau namiji da mace, mai kuɗi da maras shi, daidai? An sa wani dattijo ko wata daga zumuntar mata da za ta riƙa ziyarta, ta raka ta awon ciki? An faɗi lokacin da horon zai ƙare da yadda za a karɓe ta a gaban jama'ar da aka sanar wa laifin? Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikkilisiyar hukuncin da suka yi wa wani ya isa haka, su gafarta masa su ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi, su kuma tabbatar masa da ƙaunarsu. Jaririn da aka haifa ba shi cikin horon tun farko, don haka babu dalilin jinkirta miƙa shi ko yi masa baftisma a ikkilisiyoyin da ke yi wa jarirai.